Tubalin da Tofiz Mondol Ya Dangwala

Tofiz Mondol bai taɓa zama a aji ba. Ko sunansa aka rubuta aka ajiye masa, sai ya ɗauka kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Amma ka zaga ƙauyukan da ke kewaye da Paharpur kaf, ka nemo wanda ya ga abin da ya gani kuma ya tashi da ƙafarsa. Yaƙi ya zo yana ɗan saurayi, ya yi kwana uku kwance a gonar rama sojoji na wucewa ta gefensa, ya fito ba ko ƙwarzane. Yunwar da ta biyo baya ta share rabin layinsu, shi ya ci zuciyar ayaba da ganyen bakin tafki ya miƙe. Ambaliya biyu ta shiga masa ɗaki. Amai da gudawa ya kwantar da shi har an fara maganar likkafani, maciji ya sare shi a dunduniya, kuma sau biyu yana faɗowa daga kan dabino wajen tatsar ruwansa. Ga shi nan dai, shekara saba'in da 'yan kai, haƙoransa goma sha ɗaya kuma duk suna aiki.

Duk wannan ya faru. Rumfar mai shayi ce ta ɓata al'amarin. Da zarar Tofiz ya zauna a benci aka miƙa masa kofi, sai macijin nan ya fara girma. Bara waccan kamu huɗu ne, bara ya kai shida. Har kada ta shigo labarin ambaliya, a ƙasar da ko kakan kakansa bai taɓa ganin kada ba. Mutane su yi ta dariya suna ƙara masa shayi, shi kuma yana ƙara musu maciji.

Labari ɗaya ne tak bai taɓa yi wa ƙari ba, kuma shi ne wanda aka fi ƙaryatawa. Shekara talatin da biyar da suka wuce, da aka tashi gyaran tsohon kufan masu zuhudun Buda da ke Paharpur, an ɗebi mutanen ƙauye bugun tubali irin na da, mai faɗi marar kauri, da hannu a akwatin katako. Tofiz na ciki. Ya ce wata rana ya danna babban yatsansa a gefen wani ɗanyen tubali, aka gasa shi haka, kuma da aka mai da shi wajen magina shi da kansa ya ɗora tubalin a bangon wani ɗaki, shaidar na kallon waje.

"Ku masu biro kuna sa hannu a takarda, gara ta cinye," in ji shi. "Ni na sa nawa inda sarakuna suka sa nasu."

Wanda ya fi kowa jin haushin wannan magana shi ne Ajijar Master, tsohon hedimasta daga Bogura, uban mijin 'yarsa Shefali. Beyai suke kiran juna, kamar kowane uba da uba da aure ya haɗa, kuma tsakanin beyai da beyai tsiya halal ce. A sallar layya da ta wuce, suna zaune kan tabarma ɗaya, Master ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Beyai, a watan Poush, tsakiyar sanyi, ƙungiyarmu ta tsofaffin malamai za mu zo cin abinci a Paharpur. Bas guda. Ka nuna mini tubalin nan. In ka nuna, ni da hannuna zan sa maka kan kifi, rabon babban baƙo, a faranti a gaban kowa, in ɗauki lasifika in ce ka fi ni."

"In ban nuna ba fa?"

"Kai za ka ɗauki lasifikar. Ka ce wa jama'a tubali ƙarya, kada ƙarya, maciji kuma tsutsar ƙasa ce."

"Ka sayo babban kifi," in ji Tofiz. "Ba na cin kan ƙaramin abu."

Abin da bai faɗa ba shi ne, tun ranar da aka gama aikin bai sake shiga wurin ba. Me zai kai shi? Kullum daga bakin gonar dankalinsa yana hango jan tudun ibadar da ke tsakiyar kufan tsaye a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kamar maƙwabci. Kuma ba ya jin tsoron ɓata, don yana da alama da ba ta ƙarya: wani dabino guda a cikin filin, wanda shi da kansa ya sha tatsa. Ka tsaya a gindinsa, ka ba tudun baya, ka ƙirga ɗaki tara zuwa hagu. Ko da ido a rufe.

Ranar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi, raɓa ta jiƙa komai. Tun bas ɗin na nesa aka jiyo lasifikarsa, an ɗaure ta a kan rufi tare da manyan tukwane biyu da buhun shinkafa da itacen girki. Tsofaffin malamai suka yi ta gangarowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya naɗe kunnuwansa da mayafi kamar mai ciwon haƙori, matansu na biye da ƙunshin albasa da barkono. A ƙarshe aka sauko da kifin rui, mutum biyu ne suka ɗauko shi. Tofiz ya dube shi daga kai har wutsiya.

"Ba laifi," ya ce. "Wanda na kama a ɗakin kwanana shekarar ambaliya ya ninka shi, amma ba laifi."

"An fara," in ji Master. "Jama'a, ga beyai ɗin nawa da nake ba ku labari. Ku riƙe hulunanku."

Matan suka nufi filin da aka ware wa masu girki a waje da shinge. Rohiton Bibi, matar Tofiz, ta bi su da wuƙarta ta yankan kifi a naɗe cikin tsumma, don ba ta yarda da wuƙar mutanen birni ba. Mazan kuma Tofiz ya ja su, da sabon zanensa irin na mazan ƙasar mai zane-zane da sandar gora, suka shiga ta ƙofar arewa.

Wurin ya buɗe a gabansu: fili mai kusurwa huɗu da sai ka ɗaga murya kafin na ɗaya gefen ya ji ka, ɗakunan masu zuhudu jere a kewaye ba rufi, bangon wani zuwa gwiwa wani zuwa ƙugu, ga tudun ibadar a tsakiya hawa-hawa, rana ta fara dukan jan tubalinsa. Malaman suka yi cincirindo a gaban allon bayani suna gardama kan wane sarki ne ya fara ginin, wane ne ya ƙarasa. Haripada Babu, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi, ya karanta da ƙarfi cewa ɗakunan ɗari da saba'in da bakwai ne, ya kuma ce sai ya ƙirga da kansa.

Tofiz bai tsaya wajen allo ba. Ya kai su gindin tudun inda siffofin yumɓu ke jere a jikin bango, yana nunawa da sanda.

"Ga maharbi. Ga mata ta ɗebo ruwa, ku dubi yadda ta karkata ƙugu, wannan tulun a cike yake. Ga giwa. Wannan kuma, beyai, zo kusa. Dubi goshin, dubi yadda ya turo baki yana son ya gyara wa wani magana. Ashe danginku sun daɗe a nan."

Biri ne. Malaman suka kwashe da dariya har wani ya sarƙe da tari.

"Na gode," in ji Master. "Tubali, beyai. Tubali muka zo gani."

"Yanzu kuwa. Ku biyo ni."

Ya juya ya nufi kudu maso gabas da tafiyar mai gida. Taku ashirin, talatin. Sai tafiyar ta fara sanyi. Ciyawa ce shimfiɗe an aske ta ƙwal, ga 'yan shingayen furanni, ga hanyar tafiya da aka shimfiɗa sabuwa. Ya duba dama, ya duba hagu, har sama ya duba, kamar dabino zai iya tashi.

Wata mata na tsugune tana cire ciyawa daga tsakanin tubali. Ya matsa kusa ya rage murya.

"'Yata, dabinon da ke nan fa?"

"Wane dabino, Kaka?"

"Dogo, mai ɗan karkata, da saran wuƙa a wuyansa."

"Au, wannan ai tun surukata na aiki a nan aka sare shi. An ce saiwarsa na fasa gini."

"A ina yake tsaye?"

Ta ɗaga hannu ta yi nuni da abin da ya kai rabin filin. "Ta can dai."

Tofiz ya bi hannun nata da ido, babu ko kututture. Amma ya dawo wurin mutanen yana murmushi, ya ce yana so su fara ganin wurin sosai tukuna, kada su ce sun zo Paharpur an kai su ɗaki ɗaya kawai.

Haka aka fara. Ya shiga ɗaki, ya durƙusa, ya bi bango da tafin hannu, ya fito, ya shiga na gaba. Ɗakunan nan kuwa duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wani wuri gansakuka ta rufe tubalin, wani wuri farin gishirin da ke tasowa daga ƙasa ya cinye masa fuska ya bar shi kamar cizon ɓera. Da farko malamai ashirin ne a bayansa. A ɗaki na goma sha biyar saura tara. Sauran sun zauna a kan ciyawa suna ɓare gyaɗa, wasu sun tafi gidan kayan tarihi ganin gumakan dutse. Rana ta hau, mayafai suka sauko daga kunnuwa. Gwiwoyin sabon zanen Tofiz suka yi ja.

"Beyai," in ji Master daga bakin wata ƙofa, "in sallar nafila kake yi a kowane ɗaki ka faɗa mana mu yi alwala."

"Ina gaisawa da aikina ne. Kai ka san aiki?"

"Ko dai kadar nan ce ta haɗiye tubalin?"

Tofiz ya ci gaba da shafa bango, Master ya dube shi da kyau. Gumi na bin gemun tsohon.

Can sai Haripada Babu ya ƙwala kira daga ɗakin da ke gaba. "Ga shi! Wallahi ga yatsa!"

Aka ruga. A can ƙasa, inda wani tubali ya ɗan turo daga bango, ga sawun yatsa ya nutse a jikinsa, a fili, ko makaho ya shafa zai ji. Malaman suka hau tafi. Wani har ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Master ya sunkuya ya duba, ya ɗago ya sake duban fuskar beyai ɗinsa, sannan ya yi gyaran murya.

"To, ga yatsa, ga tubali. Na yarda. Mu je, yunwa nake ji."

Shi ke nan fa, an gama. Abin da ya rage wa Tofiz shi ne ya ɗaga sanda ya ce ai na faɗa muku. Bakinsa har ya buɗe. Sai dai idonsa ya riga ya sauka a kan tubalin, kuma idon wanda ya buga tubali dubbai ba ya iya yin kamar bai gani ba. Ya durƙusa a hankali. Ya ƙwanƙwasa shi da zoben azurfarsa, ya ba da ƙara siririya mai tsabta kamar an taɓa kwanon tagulla. Ya ƙwanƙwasa na samansa, wannan ya ce ƙub.

"Kun ji?" ya ce. "Na saman namu ne. Wannan ba namu ba ne."

"Kai beyai, bar shi mana."

"Dubi launin, kamar hanta. Mu ba mu taɓa samun wuta irin wannan ba. Kuma wannan ba babban yatsa ba ne, manuni ne, ya ja shi ne bai danna ba, yana sauri, ƙila ana kiransa cin abinci. Mutumin nan ya yi shekara dubu a ƙasa." Ya dafa bango ya miƙe. "Shi ma bai iya rubutu ba, ina ji. Ba zan ƙwace masa sa hannu ba."

Ba wanda ya yi dariya. Haripada Babu ya sosa ƙeya. Daga can waje aka jiyo ana gwada lasifika, wani na hura ta yana cewa a zo, abinci ya kusa.

Hanyar komawa ta yi wa Tofiz tsawo fiye da duk wadda ya taɓa bi. Da a ce kadar za a sa shi ya ƙaryata, da sauƙi, ai shi ya haife ta. Ko macijin a rage masa kamu uku, zai haƙura. Amma ya tsaya a gaban mutane da bakinsa ya ce tubalin ƙarya ne! Gobe kafin a dafa shayin farko labari ya kai rumfa, kuma daga ranar ko ya ce ana ruwa sai an leƙa waje.

A wurin girki hayaƙi ya tashi, ƙanshin man mastad da kifi ya cika ko'ina. Rohiton na tsaye kan tukunya da ludayi, hannuwanta rawaya da gangamau. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Uban Shefali, wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To ina ka kai gwiwoyin zanen da na wanke jiya?"

Master ne ya ba ta labari, kuma tsakani da Allah bai yi tsiya a ciki ba. Ya ce an sare dabino, alama ta ɓace, ya ƙara da cewa maganar lasifika ai wasa ce tsakanin beyai da beyai.

"Ba wasa ba ce," in ji Tofiz. "Na ce zan faɗa, zan faɗa."

Rohiton ta ajiye ludayin a bakin tukunya. "Dabino? Wai da dabino kake neman ɗakin? Kai komai naka sai an hau bishiya. Ai bayan madafar mutanen ne."

"Wace madafa?"

"Inda suke dafa abinci mana. Mutum ɗari da wani abu za su zauna ba tukunya? Akwai doguwar kwata da suke zubar da ruwan shinkafa. A bakinta nake zama in jira ka, kullum ina cewa ko wace baiwar Allah ce ke wanke wannan kwata." Ta juya ga 'yarta. "Shefali, kula da wutar nan, kada ki bari matan birni su juya mini kifi, farfashewa zai yi."

"Ke kin san wurin?" in ji Tofiz. "Shekara talatin da biyar kina jina ina faɗa, ba ki ce komai ba?"

"Ka taɓa tambayata? A rumfa kake faɗa, ni kuwa ba na zuwa rumfa."

Ta ja gefen mayafinta ta rufe kai ta yi gaba, ƙaramar tsohuwa mai saurin tafiya, malamai ashirin da matansu suka bi ta a baya kamar 'yan makaranta. Ba ta kalli tudun ba, ba ta kalli allo ba. Ta yanki ciyawa kai tsaye zuwa kusurwar kudu maso gabas, ta tsaya a kan wata doguwar kwata ta tubali.

"Ga ta. Har yanzu ba wanda ya share ta da kyau." Ta ɗaga yatsa. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wancan. Kafin ku shiga, beyai, tsaya in faɗa maka abin da za ka gani, don kada ka ce yatsan wani ne. A cikin ramin yatsan akwai ɓallin gilas, kore."

"Uwar Shefali," in ji Tofiz da sauri, "ba sai an shiga wannan ba."

"Gilas?" in ji Master, idonsa ya fara ƙyalli. "Beyai bai taɓa faɗar gilas ba. Ci gaba, don Allah, ci gaba."

"Bayan ambaliya ne, ba mu da komai, ko tabarma ruwa ya tafi da ita. Da ya fara aikin nan, abu na farko da ya sayo ba tukunya ba ce, awarwaro ne na gilas guda shida, kore. Na yi masa faɗa har maƙwabta suka leƙo. Rannan na kawo masa shinkafa wajen shanyar tubali, Shefali a kafaɗa, santsi ya kwashe ni na dafa ƙasa, ɗaya ya fashe. Na zauna ina kuka kamar yarinya. Shi kuma sai ya tsinci ɓallin ya danna a ɗanyen tubali, ya ce..."

"Ban ce komai ba!"

"Ya ce, daina kuka, sauran biyar ɗin za su fashe su bi shara, wannan kuwa sai ya shekara dubu ana zuwa kallonsa."

Matan malamai suka saki wata irin shewa da ta tashi tsuntsaye daga kan tudun. Master ya riƙe ciki, tabaransa na zamewa.

"Beyai! Kai ne? Mai kada? Mai maciji kamu shida? Ashe har da kalaman sinima!"

Tofiz ya gwammace a ce ƙasa ta tsage. Ya ja tsaki, ya ce mata ba su iya riƙe magana ba, ya shige ɗakin don ya ɓoye fuskarsa. Layi na uku daga ƙasa, a lungu, inda ya sa shi don kada shugaban magina ya gani. Wannan dai bai manta ba. Gansakuka da farin gishiri sun rufe wurin. Rohiton ta tsuguna a gefensa, ta jiƙa bakin mayafinta da ruwan gorar Haripada Babu, ta goge a hankali kamar tana wanke wa jariri ido.

Gishirin ya ci gefen tubalin, amma ramin na nan. A can ƙasansa wani abu ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake ya kama hasken rana ya yi walƙiya, kore shar.

Tofiz ya sa babban yatsansa. Yatsan ya tanƙware da tsufa, farcen ya yi kauri, amma ya zauna daram. Ya bar shi a ciki ya daɗe. 

"Cire hannunka mutane su gani," in ji Rohiton. "Kifina na kan wuta."

Aka shiga layi ana leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Haripada Babu ya ce a lissafe saura shekara ɗari tara da sittin da biyar alkawarin ya cika. Master ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara, ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi.

Da aka zauna layi-layi a kan tabarmi, aka zuba shinkafa da miyar kifi, Master ya naɗe hannun riga, ya je tukunya da kansa ya ɗauko kan rui ɗin a ludayi biyu, yana tafe romo na ɗiga, ya sauke shi a farantin Tofiz. Sannan ya karɓi lasifika ya hura sau biyu.

"Jama'a, ni Ajijar Rahman, shekara talatin da huɗu ina sa hannu a takardu, yau ban san inda ko ɗaya take ba. Beyai ɗina Tofiz Mondol ya sa hannu sau ɗaya, kun gani da idonku. Ya fi ni. Amma maganar kada ban janye ba."

Tofiz ya fasa kan kifin da yatsu, ya zaro naman kumatun, mai laushin nan da ba ƙaya, ya sa a murfin kwano ya ɗaga murya.

"Shefali, kai wa uwarki."

Rohiton na can bakin tukunya, don ita ba ta ci sai kowa ya ƙoshi. Ta ce a mayar masa, kunya a gaban baƙi, me za a ce. Matan malamai suka taso mata, suka zaunar da ita a kan buhun shinkafa, ta ci tana mita cewa gishiri ya yi kaɗan.

Kuskuren Master ɗaya ne, da ya ajiye lasifikar kusa da tabarma. Tofiz na wanke hannu ya miƙa ya ɗauka, kuma ba a sake ganin ta a hannun wani ba sai da direba ya fara danna oda. Malaman Bogura suka ji yaƙi, suka ji yunwa, suka ji yadda ake faɗowa daga dabino ba a karye ba. Macijin ya kai kamu takwas, har ya yi ƙaho. Kadar ta zo da 'ya'yanta biyu.

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Tubalin fa, Mondol? Ba mu labarin tubalin!"

Tofiz ya dubi wajen tukwane, inda Rohiton ke naɗe wuƙarta a tsumma.

"Ɗaki na huɗu daga kwatar madafa, layi na uku daga ƙasa," ya ce. "Sauran ku tambayi uwar Shefali. To, ina muka tsaya? Yauwa. Kadar nan ta buɗe baki ke nan..."